Ba a Shiga Ɗakin Ummi

Alhamis, 6 ga Yuli, 2023

Sista Rachel ta asibitin Kaduna ce ta ba ni wannan littafi, wai in riƙa rubuta zafin jikin Ummi safe da yamma, da sau nawa ta yi amai, da abin da ta ci. Gaban littafin nasu ne. Bayansa nawa ne, tunda a gidan nan duk maganar da na yi sai a ce bakina ya yi kaifi.

Ummi 'yata ce, shekararta biyar. Saliha ne sunanta na yanka, sunan Inna mahaifiyata, shi ya sa ba mai kiransa. Kansa ce a ƙodarta. Ga shi na rubuta, takardar ba ta kama da wuta ba. Inna ta hana a ambaci sunan ciwon ko a cikin gida, wai idan aka ji, har yarinyar ta girma za a riƙa nuna ta da baki. A wajen jama'a ciwon ciki take yi. Na yarda da haka, ba don dalilin Inna ba, don dai ba na son tausayin kowa.

An cire ƙodar bayan ƙaramar Sallah. Sai allurai shida, duk sati uku guda. Shekaranjiya aka yi ta uku, yau muka dawo. Hanyar da a da ake yi a awa biyu, awa shida muka yi, motoci a jere bayan sojoji, kowa idonsa a kan daji. Yanzu Litinin da Alhamis kaɗai ake samun rakiya. Wanda ya makara, ya jira.

Sista ta sake maimaita min: allurar tana kashe ciwon, tana kuma kashe sojojin jinin yarinyar. Murar wani za ta iya kwantar da ita, in ta kwanta kuma ba allura. Ban da cunkoso, ban da abincin waje, ruwa a tafasa. Idan zafin jiki ya kai talatin da takwas, a kawo ta nan take. Na ce, "Nan take ta wace hanya, Sista?" Ta ci gaba da rubutunta.

Asabar, 8 ga Yuli

Na dawo daga rumfata ta gyaran babur cin abincin rana, na tarar da takalma a ƙofar ɗaki kamar bakin masallaci. Mata goma sha ɗaya, na ƙirga su. An zo dubiya. Ɗaya tana tari a gefen mayafi, ɗaya goyonta majina har baki, kuma an ɗora shi a kan katifar Ummi. Wani tsoho daga layin baya ya gama addu'a yana yi mata tofi a ka, Furera matata tana rakuɓe a bango tana amsa amin, idonta a kaina don ta san abin da zai biyo baya.

Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na san na ce ɗakin ba tasha ba ne. Na san na ce wa mai tarin ta je ta dubo kanta tukuna. Sun fita ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi min sallama.

Inna ta ce, "Munzali, dubiya haƙƙi ce. Ka kori mutane, wa zai zo ranar da kake buƙatarsu?" Na ce to ki bar ni in gaya musu dalili. Ta ce ba da yawunta ba. To ba dalili, ba shiga. Na ɗauko ragowar fentin rumfa na rubuta a ƙyaure: BA A SHIGA. Sai da na gama na tuna rabinsu ba sa karatu.

Lahadi, 9 ga Yuli

Amai biyar. Na wanke roba har fatar yatsuna ta yi fari.

Laraba, 12 ga Yuli

Bakinta ya fashe ta ciki, ko kunu ba ya wucewa sai da kuka. Cokali huɗu a awa guda. Furera ta yi lallashi, Inna ta yi waƙa, ni na daka mata tsawa. Ta sha cokali na biyar tana kallona, ta mayar da shi a rigata. Daidai ta yi min.

Ni da na bar makaranta a aji uku lokacin muna Kusasu, da takardar ƙunshin ƙosai da kwalin kayan babur na koya wa kaina karatu, yau ni ne ke bin ƙananan rubutun takardar magani ina duba ma'anarsu a waya. Da ban iya ba da na fi samun barci. Furera ba ta karanta jerin abubuwan da maganin zai iya jawowa ba, shi ya sa take iya yi wa yarinyar murmushi.

Talata, 18 ga Yuli

Zafin jikinta talatin da bakwai da ɗigo takwas, tun hantsi. Ban je rumfa ba. Na auna sau tara, har Ummi ta ce, "Baba, hammatata ta gaji." Yau Talata, ba rakiya. Na zauna ina lissafin ko zan iya goya ta a babur ta hanyar da ko direbobin gawayi sun daina bi. Bayan la'asar ya sauka. Furera ta shiga banɗaki ta daɗe.

Juma'a, 21 ga Yuli

Praise, 'yar maƙwabciyarmu Martha, sa'ar Ummi ce. Tun muna sababbin zuwa garin nan tare suke wasa, su ma gudu ne ya kawo su daga Damari. Yau na kama su suna magana ta hujin katanga, Praise tana miƙo mata guntun rake da ta riga ta tsotsa. Na kwaɓa laka na toshe hujin.

Martha ta leƙo ta saman katanga ta ce, "Baban Ummi, mu ma mun zama kashi ke nan?" Na ce ta tambayi 'yarta. Amsa ce marar ma'ana, na sani, amma ita ta zo bakina.

Alhamis, 27 ga Yuli

An yi ta huɗu. Jini ya yi kyau, in ji Sista, mu ci gaba da abin da muke yi. Na so a ce Inna tana wurin ta ji.

Na sayo kayan sati uku a Kaduna don kada in riƙa yawo a shagunan garin nan: safar hannu kwali guda, auduga, bandeji, sirinjin auna magani, takunkumi, maganin amai. Da muka sauka a tasha wani ɗan kamasho ya ce, "Bakanike, kai dai hanyar nan ba ta taɓa cin ka." Na ce ko ita ta san nama mai ɗaci. Aka yi dariya, ban da mutum biyu.

Laraba, 2 ga Agusta

Sauran gashin ya tafi, har gira. Furera ta tattara shi daga matashi ta ƙulle a tsumma, ban tambaye ta me za ta yi da shi ba.

Ummi ta ce, "Baba, don kaina ya yi muni aka daina zuwa gidanmu?" Na ce a'a, ni na kore su. Ta ce me suka yi. Na ce suna da datti. Ta ce, "Har Praise?" Na tashi na je duba ruwan da na riga na san ya tafasa.

Asabar, 5 ga Agusta

Babur biyu kacal aka kawo yau, ranar da nakan yi goma. A masallaci wanda ke gefena ya bar tazarar mutum guda a sahu. Su ta shafa. Ni ma ba na miƙa wa kowa hannu yanzu, sai in dafa ƙirji, kada in kwaso wa yarinya wani abu. Wataƙila shi ne ya ɓata musu rai.

Na gaji. Ba irin wadda barci ke magani ba.

Alhamis, 10 ga Agusta

Martha ta tare ni a lungu da tulu a ka. Ba gaisuwa. Ta ce, "Ka san abin da ake faɗa a bakin rijiya?" Na ce ba na ɗiban ruwa da kunne. Ta ce to yau ka ɗiba.

Wai ni ɗan leƙen asirin mutanen daji ne. Wai bakaniken babur ne ni, su kuma da babur suke yawo. Wai duk sati uku ina bin hanyar da ake kwashe mutane, ban taɓa ko tuntuɓe ba. Wai ina shigo da allura da bandeji kwali-kwali, na rufe gida, na daina gaisawa da mutane, an ga Furera tana ƙona auduga mai jini a bayan gida. Wai ba yarinya ce a ɗakin ba, ko kuma ba ita kaɗai ba.

Na yi dariya har na dafa bango. Martha ba ta yi ba. Ta ce, "A Damari na ga abin da aka yi wa wanda aka faɗa wa irin wannan magana. Ba a tambaye shi ba tukuna. Ka buɗe baki ka yi bayani, tunda bakin kana da shi."

Na gaya wa Inna. Ta ce gaskiya za ta yi halinta, kada dai a ambaci ciwon. Ni kuma na ce ba zan tsaya ina wanke kaina a gaban mutanen da ko sunansu ba sa iya rubutawa ba. Yau dai ni da Inna bakinmu ɗaya, kowa da nasa taurin kan.

Litinin, 14 ga Agusta

Ba mu tafi ba.

Mun shiga mota, Ummi a cinyar Furera da hijabi da takunkumi, sai ga 'yan sa-kai na unguwa su huɗu, Bature a gaba. Bature da muka yi kiwon awaki tare a Kusasu, wanda na koya wa hawa keke. Ya ce in sauko da jakata. Ya zazzage ta a ƙasa, a cikin laka: sirinji, safar hannu, kwalaben magani. Mutane suka kewaye mu.

Ya ce, "Na wa ne waɗannan?" Da na ce na 'yata ne, ga ta can, ciwo kaza take yi, da yanzu muna Kaduna. Abin da na yi shi ne na miƙa masa takardun asibiti, na Turanci, na ce, "Karanta. Ko a kira maka ɗan firamare?" Na ga lokacin da kunnuwansa suka motsa. Ya ce a tafi da ni.

Sun zaunar da ni a rumfarsu har azahar. Ina jin ƙarar ayarin yana tashi. Furera ta sauko da yarinyar, don ba ta san Kaduna ba, takardun kuma suna aljihun Bature. Da za su sake ni ya ce ba zan bar gari ba sai sun bincike gidan, ɗaki-ɗaki, ranar Laraba. Su goma sha biyu, da takalman da suke shiga daji da su.

Na kira Sista Rachel. Ta ce allurar gobe ce ya kamata, in mun iso Alhamis za a yi Juma'a, kwana uku ba komai. Fiye da haka ba ta so. Ta ce me ya faru. Na ce mota ce ta lalace.

Furera ta fito da kayan daga jakar. Ta wanke kwalaben ɗaya bayan ɗaya da ruwan zafi, ta jera su a taga. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata, 15 ga Agusta

Idan na hana su shiga, ba tafiya. Idan na bar su suka shiga, mutum goma sha biyu a kan yarinyar da ko hannu ba na bari a ba ta. Tun safe nake juya abin, ba ya ba da hanya ta uku.

Furera ce ta yi magana, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, kai ka iya karatu, ni ban iya ba. Amma na san ƙanen Bature, Abdulkahar, a gona aka samu gawarsa bara, kuma wani na cikin gari ne ya faɗa musu lokacin da yake zuwa. Ka je ta'aziyya?" Ban je ba. Lokacin ne cikin Ummi ya fara kumbura, hankalina ba ya kan kowa.

Na shiga wajen Inna na durƙusa na ce zan faɗa. Ta ce, "Za ka tona wa takwarata asiri." Na ce Inna, in ba a yi allurar nan ba, ba wadda za a nuna da baki. Ban taɓa faɗa mata haka ƙarara ba. Ta ja carbinta ta juya fuska. Ba ta ce e ba. Na ɗauki shirun a matsayin izini.

Bayan la'asar na je gidan Bature. Na yi sallama sau uku kafin ya fito. Na gaishe shi, na gaida iyali, na yi masa ta'aziyyar da ta makara da shekara guda. Ya ce, "Yau kuma ba ka zo da ɗan firamaren ba?" Na haɗiye. Wallahi amsoshi uku suka zo min, kowace ta fi wata daɗi, na haɗiye su duka. Na ce kansa ce. Na faɗi ƙodar, na faɗi alluran, na faɗi sojojin jini kamar yadda Sista ta faɗa min.

Ya ce, "Ni na ji. Amma ba ni kaɗai ba ne, Munzali. Maganar ta yi nisa, sai sun gani da ido." Na ce su gani ta taga. Ya ce sauran ɗakunan fa. Na ce su shiga har cikin tukunya in suna so.

Laraba, 16 ga Agusta

Sun zo da hantsi, kuma ba su kaɗai ba. Rabin unguwa. Suka duba ɗakin Inna, suka duba madafa, ɗaya har ya leƙa akurkin kaji. Sannan na buɗe tagar da ke kallon lungu, na ɗage labule, na tsaya a gefe.

Ummi tana zaune a katifa da hularta ta ulu. Na ce mata tun safe ba dole ne ta cire ba. Ta kalli fuskokin, ta daɗe, sai ta cire da kanta ta ajiye a cinya. Matar nan mai tari ta ja baya da kanta, ta rufe baki da mayafi.

Ummi ta ce, "Baba Bature, ina wuni." Da safe ne, amma ya amsa, "Lafiya lau, uwata. Ya jiki?" Ta ce da sauƙi, kamar babba. Sannan ta tambaya ko Praise tana nan. Martha ta ɗaga ta sama daga can baya. Suka yi ta kallon juna, Praise ta ce, "Kanki kamar ƙwai." Na yunƙura. Ummi ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin Sallah, har sai da bakin ya yi mata zafi ta daina.

Bature ya miƙo min takardun, ya sa su a leda. Ya ce, "Da ka faɗa tun farko." Na ce da kun tambaya. Ya ce, "Wa ke iya tambayarka?"

Inna ba ta fito ba. Ba ta ci abincin rana ba.

Juma'a, 18 ga Agusta, Kaduna

An yi ta biyar. Saura ɗaya. Na gaya wa Sista ba mota ce ta lalace ba. Ta ce ta sani, lalacewar mota ba ta sa mutum irin muryar da ta ji a waya.

Laraba, 23 ga Agusta

Amai uku jiya, yau ɗaya. Zafi talatin da shida da ɗigo tara. Ta sha kunun gyaɗa rabin kofi, ta ce ƙafafunta na ciwo, Furera ta matsa mata.

Mun dawo shekaranjiya mun tarar an ajiye benci a lungu, ƙarƙashin tagar. Ba wanda ya nemi izinina. Tun safe ake zama a kai, a gaisa da ita ta taga, a tashi, wasu su zauna. Surutu kamar kasuwa. Tsohon nan mai tofi ya dawo, yanzu a tafin hannunsa yake yi ya shafa wa bango. Wata ta kawo ɗanwake, na ce ba ta cin na waje, ta ce ai ba ita ta kawo wa ba, ni ta ga na rame. Na ja layi da toka, taku biyu daga bango, na ce duk wanda ya tsallake shi da ni ne. Mai mura kuma ya gaisa daga bakin lungu. Suna bi, abin mamaki. Martha ce ke tsare layin in ba na nan, ta fi ni masifa.

Inna ta fara fitowa tana amsa gaisuwa daga zaure. Har yanzu ciwon ciki take cewa, su kuma su ce Allah ya sauwaƙe.

Ba na son wannan zaman. Yarinyar tana gajiya, kuma ba a san wa zai zo da me ba. Gobe zan rage musu lokaci.

Bencin ƙafarsa ɗaya tana rawa. Na buga masa ƙusa biyu kafin in tafi rumfa, kada wani ya faɗi a ce ni ne.